Taken shafinka na intanet: Hausa, Faransanci, ko a gwama su?

Duk wanda ya buɗe wa kasuwancinsa shafin intanet a Maraɗi, akwai layi ɗaya da ya fi duk sauran rubutun shafin yin aiki, kuma shi aka fi wofintarwa. Layin nan shi ne take: gajeren rubutun da ke fitowa da ɗan girma idan mutum ya nemi abu a Google, wanda shi ake latsawa a shiga. Shi ne ke bayyana can sama a burauza, kuma sau da yawa shi WhatsApp ke nunawa idan aka tura adireshin shafin a zaure. A cikin ginin shafin yana da gurbinsa na musamman da ake kira title, daban da babban kanun da mai karatu ke gani bayan ya shiga.

A ƙasashen da harshe ɗaya ya wadatar, mai rubuta wannan layi kalmomi kawai yake zaɓe. Mu a nan sai mun fara yanke shawarar harshe. Da Hausa ake ciniki a kasuwa, da Faransanci ake cika takardun banki da na duwan, ga kuma iyakar Najeriya ta wajen Ɗan Isa, kusan kilomita 50 daga gari. Hanya uku ke gaban mai shafi: ya rubuta take da Faransanci, ya rubuta da Hausa, ko ya cusa duka biyun a layi ɗaya. Ina yi wa ƴan kasuwa da makarantu wannan aiki a garin nan, kuma matsayina a fili yake: take ya bi harshen da mai sayenka ke latsawa da yatsa a wayarsa, sannan ya dace da harshen da aka rubuta shafin da shi. Gwamawa ce ta fi jan hankalin mutane, kuma ita ce ta fi yi musu ɓarna.

Ma'aunin da ya hau kan kowa

Google bai ƙayyade tsawon take ba, amma yana yanke shi daidai faɗin allon da ake kallo, ya sa ɗigo uku a ƙarshe. Masu wannan sana'a sun auna sun ga a kwamfuta wurin yana kusan faɗin fiksel 600 (ƴan ɗigogin da ake auna allo da su), wato baƙaƙe 50 zuwa 60 har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Da faɗi ake awon, shi ya sa m da w suka fi i da l cin wuri, manyan baƙaƙe kuma suka fi ƙanana. Mai rubuta takensa duka da manyan baƙaƙe don ya yi armashi, wurinsa yake cinyewa.

Wannan ƙarancin wuri shi ke haddasa gardamar da na fi sha da masu shago: me za a sa a gaba, sunan gida ko sunan kaya? Akwai wani attajiri mai sarin aya da riɗi da na zauna da shi a kantinsa kusa da babbar kasuwa, muka buɗe shafinsa a waya. Kowane sashe na shafin take ɗaya yake ɗauke da shi, mai irin wannan siga: «Accueil - Etablissements Elhadji Wane et Fils Import Export Commerce Général». Baƙaƙe sama da 70, babu aya, babu riɗi, babu Maraɗi.

Na ce, «Ranka ya daɗe, sunan gidan ya cinye wurin duka, kayan ba su samu shiga ba.»

Ya gyara zama ya ce, «Ɗana, mahaifina ya bar mini wannan suna. Daga nan har Kano babu dillalin da bai san shi ba.»

Na ce, «Gaskiya ne, Alhaji. Amma wanda ya san sunan, yana da lambarka a wayarsa. Wanda muke nema shi ne baƙon da bai taɓa jin sunan ba, aya kawai yake so.»

Ɗan kamasho a tasha ba ya kiran sunan mai mota. «Jibiya! Katsina!» yake cewa, domin sunan inda za shi matafiyi ke sauraro. Haka take yake ga shafin kaya: kaya a gaba, gari a bayansa, sunan gida a ƙarshe idan wuri ya rage. Abin da ya kwantar wa Alhaji da hankali shi ne, tun watan Oktoba na 2022 Google ya fara nuna sunan gidan yanar a layi na daban a saman take idan an yi bincike da waya, tare da ɗan tambarinsa. Sunan mahaifinsa bai ɓace ba, wurinsa ne ya canza. Inda suna ya cancanci gaba shi ne shafin farko na gidan, da kuma wuraren da da sunansu ake nemansu, irin makaranta, asibiti mai zaman kansa ko masauki.

Take da Faransanci

Ƙarfin Faransanci a wurin masu sayen da ke biyan kuɗi da takarda yake. Ma'aikacin ofis a Yamai da aka ce ya nemo mai kawo iri, ƙungiyoyin agaji da na raya karkara, ɗan kasuwar Kwatano, Lome, Abijan ko Wagadugu, duk da Faransanci za su nema. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: Bahaushen da ya yi karatun boko a Nijar, ko da Hausa yake kwana yake tashi, idan ya zo rubutu a waya hannunsa Faransanci ya saba da shi, wayar ma da Faransanci aka saita ta. Zai ce maka «aya» da baki, ya rubuta «souchet» a Google.

Fa'ida ta biyu ita ce Google ya ƙware a Faransanci matuƙa. Yana gane tilo da jam'i, yana gane kalmomi masu ma'ana ɗaya, yana gyara kuskuren rubutu, kuma wanda ya rubuta «sesame» ba tare da alamar kan e ba zai samu shafin da aka rubuta «sésame». Wannan yana rage wa mai take wahala, ba sai ya yi ta hasashen kowace siga ba.

Amma filin cike yake. Da ka rubuta da Faransanci ka shiga gasa da duk shafukan Faransa, Beljiyam, Kanada, Maroko da Senegal. Wanda ya nemi «souchet» kawai, shafukan kiwon lafiya da na girke-girke na Turai ne za su tare shi, kantinka ba zai leƙo ba. Saboda haka taken Faransanci ba ya aiki sai an ɗaure shi da wuri da kuma irin cinikin: «Souchet en gros à Maradi, sac de 100 kg | Ets Wane». Baƙaƙe 50 ke nan cif, kuma ya faɗi kaya, ya faɗi sari ne, ya faɗi gari. Mai neman ƙaramin ƙunshi ya san ba nasa ba ne, mai neman tirela ya san ya iso. Sannan Faransanci yana da ƴan ƙananan kalmomi masu cin wuri, irin de, du, des, pour, à, don haka dole a yi tsimi.

Akwai kuma sharaɗin da ba na fasaha ba. Idan ka sa take da Faransanci, to wanda ya latsa zai aiko da saƙo da Faransanci, yana jiran amsa da farashi a rubuce. Idan babu wanda zai amsa masa a kantin a ranar, taken ya yi aikinsa, cinikin ne ya zube. Kuma Faransanci yana tsayawa ne a bakin iyaka. Ɗan kasuwar Katsina ba zai taɓa rubuta «niébé» ko «arachide» ba.

Take da Hausa

A nan ne zuciyata take, amma zan faɗi abin da ke akwai yadda yake. Hausa tana buɗe maka ƙofar kudu: Jibiya, Katsina, Daura, Kano da kasuwar Dawanau inda hatsin yankin nan ke haɗuwa. Masu jin Hausa a Najeriya sun fi dukan al'ummar Nijar yawa, kuma da yawansu sun saba karatu da rubutu da ita a waya. Ga kuma ƴan uwanmu da ke Gana, Kamaru, Chadi, Sudan da Saudiyya.

Abu na biyu, filin Hausa a intanet bai cika ba. Labarai sun yi yawa, albarkacin BBC Hausa, DW, RFI, Aminiya da makamantansu, haka wa'azi, waƙoƙi, fina-finai da littattafan hikaya. Amma shafin da ke bayanin yadda ake sarin aya daga Maraɗi, ko nau'in riɗin da ake nomawa a nan, ko farashin jar akuya, ƙalilan ne. Wanda ya rubuta shafi mai kyau da take mai kyau a kan irin waɗannan yana iya hawa sama ba tare da ya yi kokawa da manyan kamfanoni ba. Hausa kuma ba ta da ɓarnar wuri: «Sarin aya a Maradi: farashin buhu da tiya | Shagon Wane» baƙaƙe 55 ne, kuma ya faɗi fiye da abin da na Faransancin ya faɗa.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Abin alfahari ne, kuma nan gaba zai ƙara yawan masu rubutu da ita. Sai dai doka ba ta canza sabon yatsa a dare ɗaya, don haka kada ka gina shawararka a kan wannan kaɗai.

Rauninta uku ne a ganina. Na farko, masu neman kaya da Hausa a Google ba su kai masu nema da Faransanci ko Ingilishi yawa ba, domin mutanenmu da dama ta saƙon murya a WhatsApp, ko ta Facebook da TikTok suke ciniki, kuma ɗan bokon Kano sau da yawa da Ingilishi zai nema. Na biyu, rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, sai kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu. Ka rubuta «aya» ita kaɗai, ayoyin Alƙur'ani da tafsiri za su fito. Ka rubuta «fata», sai a kawo maka fatan alheri, alhali fatar jar akuyar Maraɗi kake sayarwa, wadda ta yi suna a duniya. «Gari» ma haka, tsakanin birni da garin tuwo. Maganin wannan shi ne kada kalmar kaya ta tsaya ita kaɗai a take, a haɗa ta da abokiyar da ke fayyace ta: buhun aya, kunun aya, sarin aya, fatar akuya, garin rogo. Wannan yana taimakon injin bincike, yana taimakon idon mai karatu.

Na uku shi ne bambancin bakinmu da na kudu, musamman a lissafin kuɗi. A nan jika ɗaya sefa 1000 ce. A Najeriya, jaka a tsohon lissafi naira 200 ce. Take mai cewa «buhu jika 30» zai rikita mutumin Kano, ko ya ɗauka wani abu daban. Ni dai ba na son farashi a take ko da wane harshe ne, domin farashin hatsi yana motsi tsakanin kaka da bazara, canjin naira da sefa ma ba ya zama wuri ɗaya. Ka sa kalmar «farashi» a take, ka bar adadin a cikin shafi inda za ka riƙa sabunta shi, kuma ka rubuta shi da lambobi da sunan kuɗin a fili.

Gwama harsuna a layi ɗaya

Dabarar da kowa ke fara kawowa ita ce a haɗa duka don a kama kowa. Sai ka ga take irin wannan: «Souchet Aya Sésame Ridi Niébé Wake Maradi Niger prix farashi vente gros». Mai shi yana ganin ya tare kowace hanya. Mai karatu kuwa ba ya ganin jimla, tarin kalmomi yake gani, kuma irin wannan yana kama da shafukan damfara. Rabinsa ma a yanke zai fito.

Babbar matsalar ita ce Google ba dole ya nuna abin da ka rubuta ba. A watan Agusta na 2021 ya sanar da sabon tsarin samar da take, inda yake iya ajiye naka ya ɗauko babban kanun shafin, ko wani fitaccen rubutu a cikinsa, ko kalmomin da wasu suka yi amfani da su wajen nuno shafin. A lokacin ya ce yana amfani da taken mai shafi fiye da kashi 80 cikin 100, bayan wata guda ya ce adadin ya kai kusan kashi 87. Ragowar su ne waɗanda ya ga suna da aibi, kuma ya faɗi aibobin: take mai tsawo ƙwarai, wanda aka cusa wa kalmomi, wanda ba ya cewa komai irin «Accueil», wanda aka maimaita a shafuka da yawa, da wanda ke ɗauke da shekarar da ta wuce alhali shafin ya sabunta. A watan Yuni na 2022 kuma ya ƙara wani gyara da ya shafe mu kai tsaye: idan harshen take ya saɓa da harshen shafin, yana iya maye gurbinsa da rubutun da ya dace da harshen shafin. Wato idan ka rubuta shafi da Faransanci ka ɗora masa taken Hausa don jawo mutanen Kano, kana iya wayar gari ka ga Google ya cire shi. In ma bai cire ba, mutumin Kano zai shiga ya tarar da abin da ba ya iya karantawa, ya fita.

Kada a fahimce ni baibai. Akwai kalmomin da asalinsu na waje ne amma su ne sunan abin a bakin kowa, kuma waɗannan ba gwamawa ba ne. «Darussan lissafi na BEPC» taken Hausa ne sumul, don babu ɗalibin da ke kiran jarrabawar da wani suna. Haka sunan kamfanin waya ko na babur, haka «sola» da «batir». Ma'aunin shi ne ko mutum zai faɗi jimlar haka a zance. Idan zai faɗa, ta halatta a take.

Shafi biyu, kowa da harshensa

Ga wanda kasuwarsa ta kalli Yamai da Kano a lokaci guda, hanyar da ta dace ita ce shafi biyu, kowanne da adireshinsa, da takensa, da rubutunsa a harshe ɗaya. Google da kansa ya ce rubutun da ake gani a shafi yake dubawa don gane harshensa, kuma ya shawarci a guji jera fassara gefe da gefe a shafi ɗaya. Akwai wata alama da ake kira hreflang da ke gaya wa injin cewa wannan shafi ɗan uwan wancan ne, ha na Hausa, fr na Faransanci. A WordPress, wato manhajar gina gidan yana, manhajar Polylang da ake ɗora masa tana yin wannan kuma tana da sigar kyauta, WPML ma tana yi amma ta kuɗi ce.

Tsadar wannan hanya a hidima take. Duk lokacin da farashi ya canza ko kaya suka ƙare, wuri biyu za a gyara, kuma na ga gidaje da dama da sashen Faransanci ke tafiya, na Hausa ya tsaya tun ranar da aka buɗe shi. Don haka kada ka ninka gidan yanar duka. Zaɓi kaya biyu ko uku da suka fi tafiya kudu, ka yi musu shafin Hausa mai rai. Kuma mutum ya rubuta taken da hannunsa. Manhajar fassara ta Google ta san Hausa tun 2013, ta kuma inganta, amma take gajere ne, ba shi da dogon zancen da zai nuna mata ma'ana, kuma nan ne kalmomi irin aya da fata ke iya kayar da ita.

In an tambaye ni wa ya dace da me, ga yadda nake rabawa. Mai fitar da aya, riɗi ko fata zuwa gabar teku da Turai (Sifaniya na sayen aya don abin shan da ake yi da ita a Balansiya), Faransanci ne gidansa, sannan ya ƙara shafukan Hausa ƙalilan. Mai ɗinki, mai turaren wuta, mai kilishi, mai kayan ɗaki na amare, masu sayensu da Hausa suke tunani kuma ta WhatsApp za a fi yaɗa adireshin, don haka Hausa. Makaranta da asibiti da masauki, Faransanci da suna a gaba, amma shafin da ke gaya wa iyaye ranar rajista da takardun da za a kawo ya cancanci a yi shi da Hausa. Wanda kuma ke rubuta ilimi, ko dabarun noma da kiwo, ko kiwon lafiyar iyali don mutanen Tibiri da Madarumfa da Dakoro, wannan ba ya buƙatar dogon tunani. Ya rubuta da Hausa, ya sa take da Hausa, domin waɗanda ya yi dominsu su same shi.

Baƙaƙe masu lanƙwasa da sunayen garuruwa

Wannan yana damuna, don ina son a rubuta Hausa daidai. Baƙaƙen ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a tsarin kwamfuta baƙaƙe ne masu zaman kansu. Sun bambanta da é na Faransanci, wanda e ne aka ɗora wa alama. Mafi yawan mutane kuma ba sa sa su a bincike, duk da cewa allon rubutu na Gboard yana da Hausa. Ga kuma bambancin ƙa'ida: tsarin rubutun Hausa na Nijar, wanda aka tsayar a 1999, yana amfani da ƴ, a Najeriya kuwa 'y aka fi rubutawa. «Ƴan kasuwa», «'yan kasuwa» da «yan kasuwa» duk suna yawo.

Abin da nake yi shi ne, sunan garinmu a take ina rubuta shi yadda yake a taswira da takardun hukuma, wato «Maradi», domin shi kowa ke latsawa, Bahaushe da Bafaranshe da Bature. A cikin rubutun shafin ina mayar masa da lanƙwasarsa. Sauran kalmomi kuwa, inda cire lanƙwasa zai canza ma'ana ba na cirewa: baƙi da baki ba ɗaya ba ne, haka ƙasa da kasa. Inda kalmar kaya ce kanta ke da lanƙwasa, irin gyaɗa da riɗi, ka ɗauki wayarka ka nemi sigogin biyu ka ga abin da kowace ke fitarwa, kuma ka lura da abin da Google ke cika maka tun kafin ka gama rubutawa, don wannan daga binciken mutane yake fitowa. In ka sa mai lanƙwasa a take, babu laifi maras lanƙwasar ta bayyana a adireshin shafin, wanda dama da baƙaƙen gama-gari ya fi kyau a rubuta shi. Ka tabbatar kuma shafin yana kan tsarin adana baƙaƙe na UTF-8, in ba haka ba ɗ da ƙ za su koma alamun tambaya.

Garuruwa masu suna biyu kuwa, kowane ya bi harshen takensa. Tessaoua a na Faransanci, Tasawa a na Hausa. Guidan Roumdji da Gidan Rumji, Zinder da Damagaram, Niamey da Yamai.

Da hannu ko da manhaja

Nan babu dogon zance. Manhajojin Yoast SEO da Rank Math, masu taimaka wa shafi ya fito a bincike, duka suna da sigar kyauta a WordPress, duka suna ba ka gurbin rubuta take su nuna maka yadda zai fito, kuma suna iya haɗa shi da kansu daga sunan shafi da sunan gida. Bambancinsu a wannan aiki bai kai a yi gardama ba, ɗaya kawai za ka sa, kada ka haɗa biyu. Shago mai kaya ɗaruruwa ya bar manhaja ta jera masa, sannan ya gyara shafukan da suka fi kawo kuɗi da hannu. Gida mai shafi goma ya rubuta duka da hannu. Ka sani dai shawarwarin da manhajojin nan ke bayarwa da launin kore da ja ba don Hausa aka gina su ba, kada ka lalata jimla mai kyau don fitila ta yi kore. A cikin manhajojin akwai gurbin taken da Facebook da WhatsApp ke ɗauka, wanda ake kira og:title. Can kana da damar sassauta harshe, ka rubuta yadda za ka yi wa maƙwabci tallar kayan.

Lambar waya ba ta da wuri a take. Tana cin baƙaƙe 8, ko fiye idan an sa lambar ƙasa, kuma ba a latsa ta daga can. Gurbinta shi ne bayanin kasuwancinka na Google Business Profile, wanda kyauta ne, kuma daga shi taswira ke ɗauko shaguna idan mutum ya nemi abin da ke kusa da shi.

Yadda za ka san wanda ya yi aiki

Google Search Console, wato shafin da Google ke nuna wa mai gidan yana yadda ake samunsa a bincike, kyauta ne, kuma yana ajiye bayanan wata 16. Zai nuna maka ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana, sau nawa ya bayyana, sau nawa aka latsa, da ƙasar da suke. Ka tace da Nijar, ka tace da Najeriya, ka duba harshen kalmomin. Idan shafi yana bayyana da yawa amma ba a latsawa, take ne abin zargi na farko. Idan ba ya bayyana sam, matsalar ta wuce take, sai a koma ga abin da aka rubuta a ciki, don take ɗan ƙaramin kaso ne a cikin abubuwan da ke ɗaga shafi.

Bayan ka canza take, Google sai ya sake ziyartar shafin kafin sabon ya fito, abin da kan ɗauki kwanaki ko makonni, ko da yake a Search Console kana iya roƙon ya zo da wuri. Ka canza shafuka kaɗan a lokaci guda, ka bar sauran yadda suke don ka samu abin kwatance, sannan ka gwada kwana 28 na baya da kwana 28 na gaba. Ka kula da lokacin shekara sosai. Neman aya yana tashi da azumi saboda kunu, neman ɗinki yana tashi gab da salla, neman makaranta kuma kafin komawa aji a watan Oktoba. Wanda ya canza take a Sha'aban ya auna a Ramadan zai ga hauhawar da ba taken ne ya kawo ta ba. Idan kayanka na kaka ne, ka kwatanta da irin watan a bara, tunda bayanan wata 16 sun isa su kai ka can.